Amsoshin Tambayoyinku: "Ina Ka Samo Wannan?"

Masu sauraro, barkanmu da warhaka. Wasiƙar farko ta fito ne daga Dang, can Ngaundere, daga wani ɗalibin kimiyyar siyasa. Yana rubuta kundinsa kan gyaran tsarin mulkin Kamaru na 2008, sai malamin da ke duba aikin ya dawo masa da babi na farko, kusan kowane shafi da jan biro: "Ina ka samo wannan?" Ya ce yaya zai yi?

To ƙanena, malam bai cuce ka ba. Ko mai shayi a bakin tasha ya san an cire iyakar wa'adin shugaban ƙasa a shekarar, amma "kowa ya sani" ba ya shiga kundi. Ka nemo dokar kanta, mai lamba 2008/001 ta 14 ga Afrilu 2008, wadda ta gyara tsarin mulkin 18 ga Janairu 1996. Ka ajiye tsohon sashe na 6 kusa da sabon, ka ga kalmomin da aka sauya da idonka. Gani ya kori ji.

Bayan dokar sai masana. Tunda da Faransanci kake karatu, ka fara da shafukan intanet masu tara maƙalun masana: Persée, kyauta ne, sai OpenEdition da Cairn, ko da yake a Cairn wasu maƙalun sai an biya. Mujallar Politique africaine tana fitowa tun 1981, kuma ba ta rasa magana kan Kamaru da Chadi. Dabarar da na fi so ita ce ta Google Scholar, shafin neman rubuce-rubucen masana: idan ka sami maƙala ɗaya mai kyau, ka latsa inda aka nuna waɗanda suka ambace ta. Ita za ta kai ka ga sababbin da suka biyo bayanta, har da masu ja da ita, kuma su ne malam ke son ya ga ka karanta.

Wata 'yar'uwa daga Jami'ar Marwa ta ce wayarta cike take da takardu, amma ta kwafi wata jimla watanni da suka wuce, yanzu ta rasa ta wane ne. Kash! Ƙanwata, wannan jimlar ki haƙura da ita in ba ki gano mai ita ba, don sa ta babu sunan mai ita satar fasaha ce. Daga yau ki sa manhajar Zotero a kwamfuta, kyauta ce, tana adana sunan marubuci da shekara da mujalla, ta kuma jera miki su a ƙarshen kundi bisa tsarin da sashenku ya zaɓa. Lambar shafi kuwa ke za ki rubuta tun kina kan karatun. Littafin rubutu ma ya isa, shi ba ruwansa da ɗaukewar wuta.

Wani kuma daga Kuseri yana tambayar ko zai kafa hujja da ChatGPT, manhajar ƙirƙirarriyar basira mai amsa tambayoyi. A'a, Malam. Yakan ƙirƙiro sunan littafin da ba a taɓa rubutawa ba, har da shekara da shafi. Duk abin da ya ba ka, ka nemo ka buɗe kafin ka ambata.

Sauran wasiƙun sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.