Jingar Logon: aikin rani ne, ba na damina ba

Jama'a masu sauraro, barkanmu da war haka.

Duk shekarar da kogin Logon, da ke iyakar Kamaru da Chadi, ya cika ya batse, abin da muke gani ɗaya ne: manya su zo da buhunan shinkafa da tabarmi, a ɗauki hoto, a koma Yawunde. Taimakon yana da rana, amma ba ya tare ruwa.

Bayan ambaliyar 2012, gwamnatin Kamaru ta karɓi rancen dala miliyan 108 daga Bankin Duniya, aka gyara jingar Logon mai tsawon kusan kilomita 70, da madatsar Maga mai kilomita 27 wadda aka gina tun 1979 saboda noman shinkafa. An yi aiki, babu musu. Sai ga shi a Satumban 2024 ruwa ya sake shiga garin Yagwa da ke arewacin Kamaru, har gada ta karye. Damina ta canza hali: yanzu ruwa mai yawa kan sauka cikin kwana kaɗan.

Jingar ƙasa ba a gina ta a juya baya. Gara da gafiya suna haƙa ramuka a cikinta, shanu suna sassaƙe kanta a mashaya, wani manomin ma ya tsaga ta da dare don ya ba gonarsa ruwa. A Maga kuwa igiyar ruwa ce ke cin gefenta. Idan ka ga tsattsafo a bayan jinga, duba launinsa. Garai-garai, da sauƙi. In ya fito da laka, cikinta yake kwashewa, kuma tana iya ɓallewa kafin gari ya waye.

Gyaran kuma yana da ƙa'ida: laka ake zubawa, ba yashi ba, kaurin santimita 20 zuwa 30, a yayyafa ruwa, a daddaɓe, sannan a ƙara wani. Ɗan kwangilar da ya jibge ta lokaci guda tudu ya yi. Buhun yashi ma rabi da ɗan kai ake cikawa, a jera kamar bulo.

Wannan duk aikin Janairu zuwa Mayu ne, don haka kuɗinsa ya fito kafin zafi ya kama. Kuma a zauna da Chadi: in aka ɗaga jinga a gefen Yagwa kaɗai, ruwan zai nufi garin Bongor da ke gefen Chadi. Wurin zaman kuwa akwai shi: Hukumar Tafkin Chadi tana nan Njamena tun 1964.