Sharhi: Lungunan Kurmi da Gidajen Fatake

Jama'a masu sauraro, barkanmu da warhaka.

Duk wanda ya nufi cikin kasuwar Kurmi ta Kano da mota, dole ya ajiye ta a bakin titi ya taka sayyadarsa, domin jaki da ɗan dako aka yi wa waɗannan lunguna. Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, shi ya kafa kasuwar a gefen Jakara. Unguwannin tsohon gari kuwa har gobe suna amsa sunayen baƙin da fatauci ya kawo, irin su Zangon Barebari da Tudun Nufawa da Agadasawa, ga kuma Dandalin Turawa inda Larabawan Gadamus da Tarabulus suka zauna.

Gidan attajirin wancan zamani masauki ne kuma wurin ciniki. Falke ya iso da ayarinsa, fatoma, wato mai masaukin, ya sauke shi, ya adana masa kaya, ya nemo masa mai saye, ya karɓi la'ada. Shi ya sa za ka ga zaure makeke mai rufin ɗaurin guga, da ɗakunan baƙi tun kafin a kai cikin gida. Tubali aka jera, aka yi rufin azara, aka shafe bango da makuba. Ko da tsakar bazara, in ka shiga sai ka ji sanyi.

Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, manyan ciniki suka koma bayan ganuwa, wajen tasha da Fage da Kantin Kwari. Tun daga nan gidajen fatake suka fara zama kango.

Cikin tsofaffin gine-ginen ƙasa na Kano, Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa, waɗanda yanzu gidajen tarihi ne, sun tsira, saboda hukuma ce ke riƙe da su. Sauran fa? An raba gado, an rushe, an jera shagunan bulo. Ba ma ganin laifin magada sosai, domin ginin ƙasa yana son yaɓe kafin kowace damina, magina na gargajiya kuma sun yi ƙaranci, aikinsu ya yi tsada.

Ya kamata Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano, tare da masu unguwanni, ta bi lungu-lungu ta rubuta tsofaffin zaurukan da suka rage, sannan a tallafa wa masu su da kuɗin yaɓe kafin ruwan bana ya sauka.