John Little da Lissafin Bin Layi

Assalamu alaikum. Shugaban taro, malamaina, ɗalibai, barkanku da yamma. Lokacin da aka ba ni ba shi da yawa, don haka ba zan yi dogon sharar fage ba.

Mutumin namu na yau Ba'amurke ne, John Little. An haife shi a Boston a 1928, ya rasu a Satumbar 2024 yana da shekara 96. Fizik ya karanta a jami'ar MIT, ya gama a 1948, ya taɓa aiki a kamfanin General Electric, sannan ya koma karatu a hannun Farfesa Philip Morse. Shi Morse yana cikin masanan da suka taimaki sojan ruwan Amurka da lissafi wajen farautar jiragen Jamus na ƙarƙashin teku a Yaƙin Duniya na Biyu. Daga irin wannan aiki ne ilimin tsara ayyuka ta hanyar lissafi ya tsaya da ƙafarsa, kuma a 1955 Little ya zama na farko da ya yi digirin digirgir a fannin a Amurka. Kundinsa a kan madatsar ruwa ne: yaushe za a saki ruwa a samu lantarki, yaushe za a riƙe shi saboda gobe.

To, ga inda nake so ku kasa kunne. A 1957 ya fara koyarwa a kwalejin Case da ke Cleveland, kuma cikin darussansa har da ilimin bin layi, wanda Erlang, wani masanin lissafi ɗan ƙasar Denmark, ya assasa a kamfanin tarho na Kofanhegan tun 1909. Akwai wata ƙa'ida da masu fannin ke aiki da ita, amma babu wanda ya kafa mata hujja gamammiya. Morse da kansa, a littafinsa na 1958, ya ƙalubalanci masu karatu su nemo inda ba ta aiki. Wata rana wani ɗalibi ya tambayi Little ko kafa hujjar zai yi wuya. Ya ce ba ya jin zai yi wuya. Ɗalibin ya ce to ai sai malam ya yi. Baki shi ke yanka wuya! Ya zauna ya yi, aka buga a 1961, kuma da sunansa ake kiran ƙa'idar har yau.

Me ta ce? Matsakaicin yawan mutanen da ke cikin wuri daidai yake da yawan masu shigowa a awa, sau lokacin da kowa ke ɓatawa a ciki. Ku ɗauki asibiti. Majinyata 10 na zuwa kowace awa, kowane yana yin awa 2 daga yankar kati zuwa karɓar magani. Ko ba ka leƙa ba, mutum 20 ne a ciki. Yanzu ku juya ta. Ka ƙirga kawuna ka ga 60, littafin kati ya nuna 10 ne a awa, to awa 6 mutane ke yi, ko da shugaban asibitin ya rantse maka ba haka ba ne. Ba ka riƙe wa kowa agogo ba.

Abin da ya sa ta yi ƙarko shi ne ba ta da sharaɗi da yawa. Ba ruwanta da likita ɗaya ne ko biyar, ko wani mai uwa a gindin murhu ya tsallake layi. Buƙatarta kawai wanda ya shiga ya fita, kada layin ya yi ta tsawo ba iyaka. Shi ya sa injiniyan kwamfuta ke aiki da ita a kan saƙonnin intanet, mai masana'anta kuma a kan kayan da ba a gama haɗawa ba. Ni a ganina duk wanda za a ba riƙon ofis ya kamata ya san ta, don ƙara benci ba ya rage jira ko da minti ɗaya.

Little bai kwanta a kan wannan suna ba. A 1962 ya koma MIT. A 1963 shi da abokan aikinsa uku suka fitar da dabarar nemo gajeriyar hanyar da ɗan talla zai zaga garuruwa da yawa. Ya yi aiki a kan daidaita fitilun kan titi yadda mota za ta riƙa tarar da kore a jere. Daga nan ya karkata ga kasuwanci da talla, har a 1970 ya rubuta cewa babbar matsalar lissafin masana ita ce manajoji ba sa amfani da shi. Laifin bai ɗora wa manajojin ba. Cewa ya yi a gina musu abin da za su gane, su iya juya shi da hannunsu, kuma kada ya ba da amsar banza in an matsa shi. A 1995 shi ne shugaban farko na ƙungiyar INFORMS, wadda ta haɗe manyan ƙungiyoyin fannin tsara ayyuka ta hanyar lissafi guda biyu, kuma dukkansu ya taɓa shugabantarsu.

Shugaba, na ga kana duba agogo. A buɗe fagen tambayoyi.