Sharhi: Misalan da Ake Kawowa a Kan Sha'awar Jinsi, da Inda Suke Tsayawa

Masu sauraro, idan aka zauna muhawara a kan dalilin da ya sa wasu mutane ke sha'awar 'yan jinsinsu, ba a jimawa sai wani ya jawo misali. Wannan ya ce ai kamar bahago ne, wancan ya ce a'a, kamar shaye-shaye ne. Abin da na lura da shi, kowane misali tafe yake da hukuncinsa, tun kafin a duba hujja.

Mu fara da bahago, don shi ya fi ƙarfi. Kusan mutum 1 cikin 10 da hagu yake aiki, ba shi ya zaɓa ba, kuma babu wata ƙwayar gado guda da ta jawo hakan. A da, makarantun Turai da Amurka kan tilasta wa irin waɗannan yara rubutu da dama. Sukan koya, amma hagun na nan. Har nan misalin ya zauna. Inda ya gaza shi ne, hannun rubutu bai shafi aure ko iyali ko koyarwar addini ba, alhali a nan ne ainihin taƙaddamar take.

Sai misalin launin fata, wanda lauyoyi a Amurka suka riƙe, suna tunatar da hukuncin 1967 da ya soke haramcin aure tsakanin baƙar fata da farar fata. Launi ana ganinsa tun ranar haihuwa, kuma tagwayen da suka fito daga ƙwai ɗaya launinsu ɗaya. Sha'awa ba haka take ba: sau da yawa ɗayan tagwayen na son jinsinsa, ɗayan ba ya so. A 1993 masani Dean Hamer ya nuna wani sashe na ƙwayoyin gado da ya ce yana da alaƙa da sha'awar namiji ga namiji, jaridu suka ɗauka da zafi cewa an gano sirrin. Sai ga babban binciken 2019 a mujallar Science, wanda ya duba mutane kusan rabin miliyan, ya ce babu ƙwaya guda mai hukunci. Gado na da hannu, tsakanin kashi 8 zuwa 25 cikin 100 na bambancin da ake samu tsakanin mutane, amma ba za a duba jinin mutum a faɗi inda zuciyarsa za ta karkata ba. Kuma a lura, tambayar da aka yi wa mutanen ta abin da suka taɓa aikatawa ce, ba abin da suke ji ba.

Kada masu misalin shaye-shaye, waɗanda ke ganin abin zaɓi ne ko cuta, su yi murna da wannan. Rashin ƙwayar gado guda bai nufin zaɓi ne. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta cire luwaɗi daga jerin cututtuka a 1973, Hukumar Lafiya ta Duniya ta bi sahu a 1990. Exodus International, ƙungiyar Kiristoci da ta shafe shekaru da dama tana alkawarin sauya sha'awar mutane, ta rufe a 2013, bayan shugabanta Alan Chambers ya amsa cewa mafi yawan waɗanda suka zo ba su sauya ba. Mashayi yana da ranar da ya fara kurɓa. Sha'awa kuwa, kowace iri ce, mutum tarar da ita yake yi a ransa.

A ganina, ɓangarorin biyu suna ɗora wa misali kayan da ba zai iya ɗauka ba. Sanin asalin abu daban, hukunta shi daban. Ko da gobe a tabbatar halitta ce tsantsa, mai addini zai ce shi a kan aiki yake magana. Ko da a ce akwai zaɓi, mai kare haƙƙin ɗan Adam zai ce addini ma zaɓarsa ake yi, kuma doka na kare shi.

Akwai kuma ma'aunin masani Alfred Kinsey na 1948, mai hawa daga 0 (mai sha'awar ɗaya jinsin kawai) zuwa 6 (mai sha'awar jinsinsa kawai), da ya ɗauki sha'awa kamar layi mai baki biyu. Ya taimaka wajen nuna cewa akwai na tsakiya. Sai dai yana ɗauka cewa in son wani jinsi ya ƙaru, na ɗayan dole ya ragu, abin da binciken 2019 ya yi shakku a kai. Waɗanda ba sa sha'awar kowa kuwa, layin bai da gurbinsu, sai da Kinsey ya ware musu harafin X a gefe.