Harajin Shigo da Kaya: Wa Ke Samun Aiki, Wa Ke Biya?

Assalamu alaikum. Ina godiya ga shugaban zama, da ku 'yan uwa da kuka haƙura har wannan lokaci.

Duk sa'ad da gwamnati ta ƙara kuɗin fito kan kayan waje, abin da ake gaya wa jama'a shi ne za a kare masana'antun cikin gida, matasa su samu aiki. Ni ma burina ke nan, Allah ya sani. Amma ku tambayi kanku, wa ke biyan kuɗin? Wanda ya shigo da kayan shi ke biya a hannun kwastan, ya ɗora a kan farashi, mai saye ya ɗauki nauyin.

Mu je Amurka. A 2018 gwamnatin Trump ta sa haraji kan injinan wanki da ake shigowa da su. Farashi ya tashi da kusan kashi 12 cikin 100. Har injin busar da tufafi, wanda harajin bai shafa ba, shi ma ya yi tsada, saboda tare ake sayensu. Da masana suka yi lissafi, an samu sababbin ayyuka kusan 1,800, amma kowane aiki guda ya ci wa masu saye sama da dala 800,000 a shekara. Ku riƙe wannan adadin.

Na ƙarfe ya fi ciwo. A shekarar dai aka sa kashi 25 cikin 100 kan ƙarafa. Masu narka ƙarfe sun ji daɗi. To amma masu saye su ƙera mota da firji da ƙusa fa? Sun ninka masu narkawar yawa nesa ba kusa ba. Akwai wani kamfanin ƙusa a jihar Missouri da ke shigo da wayar ƙarfe daga Meziko. Waya ta yi tsada, ƙusarsa ta yi tsada, masu saye suka koma wa ƙusar waje, shi kuwa ya fara sallamar ma'aikata. Ma'aikacin da aka ɗauka, ana kai masa kyamara. Wanda aka sallama, gida yake komawa shiru, shi da iyalinsa.

Sannan ga ramuwa. Sin ta ɗora haraji kan waken soyan Amurka, sai da gwamnatin Amurka ta fitar da biliyoyin daloli ta tallafa wa manoma. Haka aka gani bayan dokar Smoot-Hawley ta 1930, wadda ta ƙara haraji kan kayan da ake shigarwa Amurka, ƙasashe suka yi ta rama wa juna, ciniki ya durƙushe.

Kada a ce na ce harajin ba shi da amfani. Jariri ba ya kokawa da ƙato. Koriya ta Kudu ta kare masana'antunta a zamanin Shugaba Park Chung-hee, amma ba kyauta ba. Kamfani zai samu kariya da rance mai sauƙi, sai a gindaya masa sharaɗin fitar da kaya waje, inda babu mai kare shi. In ya gaza, rancen ya yanke. Wannan sharaɗin nake so ku nema duk ranar da aka kawo muku zancen ƙarin haraji: na wane lokaci ne, kuma me kamfanin zai kawo a madadi? Ga misali daga Koriyar: Hyundai ta fito da motarta Pony a 1975, shekara na zagayowa tana sayar da ita a Ekwado.