Jawabin Maraba ga Ministan Lafiya daga Ungozomomi da Likitocin Mata na Jihar Maradi

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Mai girma Ministan Kiwon Lafiya, mai girma Gwamnan jihar Maradi, mai martaba Sarkin Katsinar Maradi, malamanmu, iyayenmu mata, jama'a baki ɗaya.

Ranka ya daɗe, barka da zuwa, sannu da hanya. Muna yi maka lale marhabin da yawun abokan aikinmu na Tasawa, Mayahi, Dakwaro, Gidan Rumji, Madarumfa da sauran gundumomi. Ka taso daga Yamai, ka ratsa Doso da Dogon Dutsi da Ƙwanni, tafiyar da ta haura kilomita 600. Wannan hanya ce matarmu ta ƙauye ke bi idan sankarar bakin mahaifa ta ci ƙarfinta, sai dai ita a motar haya take binta, jini na zuba. Abin da muka taru a kansa shi ne yadda za a rage masu wannan tafiya.

Ciwon yana da ladabi guda: ba ya zuwa babu sallama. Ƙwayar cutar HPV ce ke kawo kusan dukkansa, kuma yakan ɗauki shekara 15 zuwa 20 kafin tabon farko ya rikiɗe ya zama sankara. Ga mace mai ɗauke da cutar sida kuwa yana iya zama shekara 5 zuwa 10, haɗarinta kuma ya ninka na sauran mata sau shida. Duk da wannan dogon wa'adi, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mata kusan 350,000 ne suka rasu da shi a 2022, mafi yawansu a ƙasashe irin tamu. A nan, sai mace ta ga jini bayan saduwa, ko jini bayan ta daina al'ada, ko ruwa mai wari, a ce mata sanyi ne, ta sha jiƙo wata da watanni. Kafin ta iso gidan likita, aski ya riga ya zo gaban goshi.

Awon kansa ba shi da wuya. Ana bukatar gado, labule, fitila mai haske sosai, ƙarfen buɗawa mai kama da bakin agwagwa, auduga, da ruwan tsami irin binegar mai ƙarfin kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari. A shafa a bakin mahaifa, a jira minti ɗaya cur. In akwai tabo, sai ya yi fari fat da iyaka a fili. Inda aiki ke ɓaci mun san shi: kwalbar da aka bari a buɗe cikin zafin bazara ƙarfinta na raguwa, fitila mai raunin batir na ɓoye tabo, mai gaggawa ba ta cika mintin ba, wadda hannunta bai faɗa ba kuma takan ɗauki kumburi a matsayin tabo. Ga dattijuwar da ta daina al'ada, wurin da ake dubawa yakan shige ciki, ido ba ya kai masa. Shi ya sa awon ƙwayar HPV ya fi, tun daga shekara 30, ko 25 ga mai sida. Mace na iya ɗaukar samfurin da kanta a bayan labule, abin da ke cire kunya, kuma injin GeneXpert da ake awon tarin fuka da shi na iya yin wannan aiki in an kawo masa kayan awon.

Ranka ya daɗe, babban kukanmu ga shi. Awo ba tare da magani ba wahalar da mace ne kawai. In aka ce mata ta koma gida ta dawo mako mai zuwa, ga kuɗin kabu-kabu, ga izinin maigida, ga gona, da wuya a sake ganinta. Dole a auna a yi magani a zama ɗaya. Daskarar da tabo yana bukatar tulun iskar gas, a daskare minti 3, a saki minti 5, a sake minti 3, kuma ranar da tulun ya ƙare aiki ya tsaya. Na'urar ƙona tabo ta hannu kuwa da batir take aiki, zafin digiri 100, daƙiƙa 20 zuwa 30, ungozomar da ta samu horo ta isa ta yi. Sharaɗin dai tabon kada ya rufe kashi 75 cikin ɗari na bakin mahaifa, kada kuma ya shiga ciki. In ya wuce haka, sai likita ya yanke shi da zaren lantarki. Bayan magani ruwa zai zubo mata, sai a ƙaurace wa shimfiɗa mako huɗu, ta dawo awo bayan shekara. Wannan bayani da maigida ake yinsa, in ba haka ba ba ya ɗorewa.

Don haka muna roƙon na'urar ƙonawa da ungozoma biyu masu horo a kowane babban gidan likita na CSI, wato cibiyar kiwon lafiya ta kusa da jama'a, don in an canja wa ɗaya wurin aiki kada ɗakin ya rufe. Muna roƙon rajista mai lambar wayar mace da ta wani danginta, da tsarin da zai sa tsokar da aka gutsura daga bakin mahaifa aka sa cikin ruwan formol mai hana ta ruɓewa ta kai ɗakin bincike, sakamako ya dawo cikin makonni. Mun gode da cibiyar yaƙi da sankara ta Yamai da ta fara gasa sankara da haske a 2021, da kuma dokar da ta sa maganin sankarar mata kyauta. Amma kuɗin mota da masauki da abincin mai jinya suna kan iyali, nan ne da yawa ke sarewa. Waɗanda ciwon ya yi wa nisa kuma suna bukatar morfin, maganin rage raɗaɗi mai tsanani, kusa da gida.

Sai rigakafi. Allurar HPV ɗaya ta wadatar ga yarinya mai shekara 9 zuwa 14, maƙwabtanmu Najeriya sun fara tun Oktoban 2023. Ƴaƴanmu da yawa ba sa makarantar boko, sai an bi su makarantun allo da gidajensu, tare da sarakuna da malamai tun kafin jita-jita ta riga mu.

Yanzu muna gayyatarka ɗakin awo ka ga kayan da idonka. Allah Ya ba ka ikon cika abin da ka ɗauka, Ya mayar da kai gida lafiya.