Amsoshin Tambayoyinku: Fenti ko Gogaggen Ƙarfe a Jikin Ƙananan Jiragen Sama

Masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a filin Amsoshin Tambayoyinku. A wannan mako wasiƙu uku muka ware, domin ko da yake daga garuruwa daban-daban suka fito, a kan abu guda suka haɗu, wato jikin ƙananan jiragen sama, tsakanin wanda aka shafa wa fenti da wanda aka bar ƙarfensa a fili aka goge shi yana ƙyalli.

Wasiƙa ta farko ta fito daga wani mai gyaran jikin mota a Sabon Garin Zariya. Ya ce kullum yana ganin jiragen koyon tuƙi na Kwalejin Fasahar Jiragen Sama suna shawagi a saman garejinsu, kusan dukkansu farare, amma ya ga hotunan wasu tsofaffin ƙananan jirage na Amurka suna ɗaukar ido kamar madubi. Yana tambaya ko wani fenti ne mai ruwan azurfa, in kuwa ƙarfe ne zalla, me ya hana shi tsatsa?

Malam, abin da ka gani a hotunan nan ƙarfen ne da kansa, wato alminiyum, ɗan'uwan wanda ake ƙera tukwanen girki da shi. Shi alminiyum idan tsantsarsa ne, da zarar iska ta taɓa shi sai ya yi wa kansa wata 'yar fata wadda ido ba ya gani, ita ce take hana lalacewa shiga cikinsa. Matsalarsa laushi, domin ba zai iya ɗaukar nauyin fiffike ba. Saboda haka maƙera jirage suna gauraya shi da jan ƙarfe, kimanin kashi 4 cikin 100, su sami wani nau'i da suke kira 2024, mai ƙarfi da rashin nauyi, sai dai wannan gaurayen ya rasa garkuwar da tsantsar take da ita, danshi kaɗan yana cinye shi. A ƙarshen shekarun 1920 kamfanin Alcoa na Amurka ya fito da mafita, ya riƙa lulluɓe fallen ƙarfen mai ƙarfi da siririn shafi na tsantsar alminiyum ciki da waje, ya sa masa suna Alclad. Wannan shafin na sama shi ake gogewa har ya zama madubi.

Ina so ka riƙe girman abin a ranka, domin duk sauran bayanin yau a kansa zai doru. Fallen da ke jikin ƙaramin jirgi kaurinsa yakan kama daga rabin milimita zuwa milimita ɗaya, shafin tsantsar kuwa kusan kashi 5 cikin 100 ne na wannan kauri a kowane gefe, wato da ƙyar ya kai kaurin silin gashi. Shi kaɗai ne tsakanin jirgin da iskar duniya. Idan ya ƙare, tsatsar da za ta biyo baya ba ja ba ce irin ta mota, fara ce kamar garin toka, da ƙananan ramuka kamar an tsira allura.

Wannan ado ya yi tashe ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Tun wajen 1944 sojojin saman Amurka suka daina shafa wa yawancin jiragensu fentin ɓad-da-kama, domin a rage nauyi a kuma gaggauta ƙira, ido ya saba da ƙarfe mai walƙiya. Da aka gama yaƙi, ƙananan jirage irin su Cessna 140 na 1946 da Cessna 170 na 1948 da Luscombe suka riƙa fitowa daga masana'anta gangar jikinsu ba fenti, sai ɗan zane ja ko shuɗi a gefe. Amma zaton da ka yi na fenti mai ruwan azurfa shi ma yana da tushe. Jiragen da suka gabaci waɗannan, irin waɗanda suka fara sauka Kano a 1925, katako ne aka lulluɓe da ƙyalle, kuma launin azurfar da ake gani a jikin da yawa daga cikin jiragen wancan zamani garin alminiyum ne ake zubawa a cikin shafin da ake yi wa ƙyallen, don kada rana ta cinye shi.

Wasiƙa ta biyu daga wata ɗaliba ce a Maraɗi, Jamhuriyar Nijar. Ta ce ta ji ana cewa fenti yana da nauyi, jirgi kuwa ba abin da ya tsana kamar nauyi, to me ya sa ba a bar dukkan jirage babu fenti ba, a huta da sayen fentin, a kuma rage shan mai?

Malama, tambayarki tana kan hanya, domin nauyin gaskiya ne. Fentin ƙaramin jirgi mai kujeru huɗu irin Cessna 172 yakan kai kilo 10 zuwa 15, a jirgin da nauyinsa duka, da mutane da mai, bai wuce tan guda da 'yan kai ba. Wannan nauyi daidai yake da man da zai riƙe jirgin kusan rabin awa a sama. A babban jirgi irin Boeing 747 kuwa fenti yana kai kilo 250. Kamfanin American Airlines ya shafe shekaru masu yawa yana alfahari da jiragensa marasa fenti, kuma rage nauyi yana cikin dalilansa.

Sai dai abin da aka rage a nauyi, da gumi ake biyansa. Duk macen da ta taɓa zama da toka da soso tana goge bayan tukunya ta san yadda abin yake: hannu ya yi baƙi, tukunya ta yi fes, bayan kwana biyu ta koma gidan jiya. Haka mai gugar jirgi yake fama. Yana shafa man guga a ɗan wuri kamar faɗin faifai, ya bi da injin guga mai kan ulu, man ya rikiɗe ya zama baƙi ƙirin, ya share da tsumma mai laushi, ya sake bi da man da ya fi na farko laushi, sannan ya dawo da hannu yana zagaya kan kowace ƙusa, ga shi ƙusoshin da ke jikin jirgi dubbai ne, kuma baƙin yana maƙalewa a gindin kowace ɗaya. Ƙasan fiffike kuwa sai ya ɗaga injin sama da kansa har kafaɗa ta gaji. Bayan duk wannan wahala, yaro ya dafa jikin jirgin da tafin hannu, ko tsuntsu ya yi kashi a kai, ko ruwan sama ya bushe a wurin, tabo ya zauna. Mai irin wannan jirgi yakan maimaita aikin sau da yawa a shekara. Kamfanin Boeing da kansa ya taɓa lissafa abin a kan manyan jirage, ya ga cewa kuɗin wanki da guga yana cinye ribar man da aka tsimi, har ya ɗan zarce ta.

Abin da ya fi damuna a nan shi ne wancan baƙin da ke fita a tsumma, domin ba dauɗa ce kawai ba, har da jikin ƙarfen. Kowace guga tana ɗebe wani abu daga shafin nan mai kaurin silin gashi, kuma ba ya tsirowa. Idan mai hankali ne ke aikin, da man guga mai laushi, shafin zai yi shekaru masu yawa. Idan kuwa aka sami mai garaje ya sa takardar yashi ko soson ƙarfe, zai iya ƙarar da shi a yini guda, wurin ya yi duhu-duhu, ya ƙi ɗaukar ƙyalli har abada. Soson ƙarfe ma yana da ƙarin illa, domin ɓurɓushinsa yana nutsewa cikin alminiyum ya zama tushen tsatsa, shi ya sa aka hana kusantar jirgi da shi.

Sannan akwai maganar inda jirgin yake kwana. A Legas ko Fatakwal, inda iska ke ɗauke da danshi da gishirin teku, ƙarfe marar fenti yana cikin hatsari kullum. Mu nan arewa bushewar iska tana taimakonmu, amma muna da namu: ƙurar hunturu tana sauka a kan komai, idan aka share ta a bushe sai ta kakkarce madubin, idan aka bar ta raɓa ta same ta sai ta riƙe danshi a jikin ƙarfe. Ga kuma rana. Mutane da yawa suna zaton ƙarfe mai ƙyalli ya fi sanyi tunda yana mayar da haske, alhali ɗan zafin da ya shiga cikinsa ba ya fita da sauƙi, kamar sifanar da aka manta a rana wadda ba ta ɗaukuwa da hannu. Farin fenti yana mayar da haske, yana kuma sakin zafi, don haka ya fi shi sanyi da tsakar rana a watan Afrilu. Ƙyallin kansa yana kashe idon matuƙi, shi ya sa ko a gogaggen jirgi za ki ga an shafa fenti mai duhu marar sheƙi a saman hanci, gaban gilashi.

Kada a ɗauka fenti ba shi da aibi. Babban aibinsa ɓoye ciwo. Idan ba a wanke ƙarfe da kyau ba kafin a shafa, tsatsa takan bi ta ƙarƙashin fenti tana yin 'yan hanyoyi kamar na gara a jikin azara, sai ta yi nisa kafin a lura, alhali a jikin gogaggen jirgi injiniya yana ganin tsaga ko tabo tun ranar da ya fara. Duk da haka, a ganina, jirgin da ke neman abinci, na koyar da ɗalibai ko na kai likita ƙauye, wanda ke yini a rana ya kwana a fili, farin fenti mai kyau ya fi masa rufin asiri. Guga ta dace da wanda yake da rumfar ajiye jirgi da lokaci da ƙaunar abin, kuma ina girmama masu yin haka, domin tsohon Cessna 170 da aka goge da hannu abin kallo ne na gaske.

Wasiƙa ta uku daga Kaduna take, daga wani mai fentin mota wanda ya ce ya shekara ashirin a sana'ar. Tambayarsa biyu ce: shin ana iya kankare fentin jirgi a mayar da shi mai ƙyalli, kuma shin mai sana'a irinsa zai iya fentin jirgi?

Maigida, ana iya cire fenti, amma da ruwan magani na musamman ake narkar da shi, ba a kankarewa. Sai dai wanda ya cire fentin tsohon jirgi yakan tarar da abin da bai zata ba: lotsawar da aka cike, facin da aka yi da wani falle daban, da wuraren da masu fentin baya suka bi da takardar yashi don fenti ya kama, suka cinye shafin tsantsar. Irin wannan jiki ba zai yi madubi ba. Haka kuma ba dukkan jirgi ne alminiyum ba, domin bakin fiffike da murfin taya sau da yawa roba ce ko zaren gilashi, wasu sassan kuma, kamar filafilan wutsiyar jirgin Beechcraft Bonanza, da magniziyum aka yi su, wanda ba ya jure zama ba fenti. Jiragen zamani irin Diamond DA40 ma ba ƙarfe ba ne, zare ne da ƙaro aka ƙera su da shi, ba abin da za a goge, kuma masana'anta ta fi son su da fari domin zafin rana yana raunana ƙaron. Wannan sauyin kayan ƙira yana cikin abin da ya sa American Airlines ya koma fenti a 2013, lokacin da yake shirin karɓar Boeing 787, wanda shi ma da zare da ƙaro aka ƙera gangar jikinsa.

Game da tambayarka ta biyu, hannunka na feshi zai yi amfani, amma a ƙarƙashin injiniya mai lasisi, wanda zai sa hannu a littafin jirgin. Dalilin shi ne fenti a jirgi yana taɓa lafiyar tashi. Filafilan da matuƙi ke juya jirgi da su, na bayan fiffike da na wutsiya, an auna nauyin gabansu da na bayansu daidai wa daida, kuma fenti mai kauri a gefen baya zai iya ɓata wannan ma'auni, filafilin ya kama kaɗawa da ƙarfi a sama har ya karye. Saboda haka ake ciro su, a fente su daban, a sake auna su kafin a mayar. A gefen gangar jirgi akwai wani ɗan rami da bai fi kan ashana ba, ta nan agogon tsayi da na gudu suke jin nauyin iska, idan fenti ya toshe shi matuƙi zai riƙa karanta ƙarya. Bayan an gama kuma akan sake lissafin nauyin jirgin, a mayar masa da lambar rajistarsa a inda doka ta ce da girman da ta ce, 5N ga jiragen Nijeriya, 5U ga na Nijar.

Idan kana da sha'awar shiga wannan fanni, abin da zai fi ba ka mamaki shi ne yawan aikin da ke gaban feshi. Ana wanke ƙarfe da ruwan magani mai ɗan tsami, a bi shi da wani ruwan da ke barin launin ruwan zuma a jikinsa don fenti ya kama, sannan a sa shafin farko, sau da yawa mai launin rawaya-kore, a ƙarshe a fesa na sama siriri gwargwadon iko. A mota kauri abin yabo ne, a nan kuwa kowane shafi da ka ƙara nauyi ne da jirgin zai ɗauka duk tashin da zai yi.

Mun gode wa waɗanda suka rubuto, sauran wasiƙun kuma sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.